Yadda ake zaɓar faifan sautin kewaye na tsofaffin kundayen kiɗan rok

Kundin Pink Floyd mai suna The Dark Side of the Moon ya fito a 1973, amma wanda yake son jin sa yau da lasifikoki kewaye da shi zai tarar da shi a kamanni uku. Akwai haɗin lasifika huɗu da Alan Parsons ya yi tun zamanin fitowar kundin. Akwai haɗin 5.1, wato mai lasifika shida, na James Guthrie, wanda ya fito a 2003 a faifan SACD (Super Audio CD, wani nau'in faifan kiɗa da ya zo bayan CD). Sannan ga na Dolby Atmos da aka fitar a 2023, da kundin ya cika shekara 50. Waƙoƙin su ne dai, makaɗan ma su ne, amma inda ƙarar agogo take fitowa, da inda murya take tsayawa, da yawan abin da ake jefo maka ta baya, duk sun sha bamban. Shi ya sa tambayar da akasarin masu saye suke farawa da ita, wato SACD ya fi ko Blu-ray, ita ce ta uku a layi. Biyu ne a gabanta: wane haɗi ne a cikin faifan, kuma kayan da ke ɗakinka za su iya fitar da shi?

Mataki na farko: gano haɗin da ke ciki

A shekarun 1970 ana ɗaukar kiɗa ne a kan tef mai layuka 16 ko 24. Ganguna suna da nasu layukan, jita da nata, kowace murya da nata. Daga nan sai injiniya ya zauna ya haɗe su zuwa hanya biyu, hagu da dama, abin da ake kira sitiriyo. Sautin kewaye na gaskiya ba ya samuwa sai an koma kan wannan tef na asali an sake rarraba layukan zuwa lasifika huɗu, ko shida, ko fiye. Aikin kunne ne, kuma kowane injiniya da irin hannunsa.

Haɗe-haɗen da za ka ci karo da su zuriya uku ne. Ta farko ita ce ta lasifika huɗu, wadda ake rubutawa 4.0 ko Quad, daga farkon shekarun 1970: biyu a gaba, biyu a baya, babu ta tsakiya, babu wufa. Injiniyoyin wancan lokaci ba sa jin tsoron ajiye ganga ko jita kacokan a bayanka. Ta biyu ita ce 5.1, wadda ta yi tashe daga wajen 2000: uku a gaba, biyu a baya, da wufa mai ɗaukar amon ƙasa. Ta uku ita ce Atmos, wadda ta ƙara lasifikoki a sama.

Juya bayan kwalin ka nemi sunan wanda ya yi haɗin da shekarar da ya yi shi. Wannan layi ɗaya ya fi duk lambobin da ke kwalin amfani. Kundin Yes mai suna Fragile ya fito a DVD-Audio a 2002 da haɗin Tim Weidner, ya sake fitowa a 2015 da sabon haɗin Steven Wilson. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma kwatanta su ba kwatanta nau'in faifai ba ne. Shi kuwa Goodbye Yellow Brick Road na Elton John, haɗin Greg Penny guda ɗaya ne ya zagaya SACD a 2003, da DVD-Audio, da Blu-ray a 2014. A nan ne kawai tambayar nau'in faifai take da ma'ana, kuma amsarta mai sauƙi ce: ɗauki wanda na'urarka take karantawa, wanda kuma kuɗinsa bai yi tsada ba.

Wani lokaci har jerin waƙoƙin yakan sauya. A DVD-Audio na Rumours na Fleetwood Mac, wanda Ken Caillat ya haɗa, an sa Silver Springs a tsakiyar kundin an mai da Songbird ƙarshe. Mai son jerin da ya saba da shi tun daga faifan garmaho gara ya san haka kafin ya biya.

Akwai kuma kundayen da ba su da haɗin kewaye na gaskiya saboda tef ɗinsu ya ɓata. Sanannen misali shi ne Aja na Steely Dan, wanda tef ɗin waƙoƙinsa biyu suka yi ɓatan dabo. Idan ka ga irin wannan kundi ana tallarsa a matsayin 5.1 ba tare da sunan kamfanin da ya mallake shi ba, kwamfuta ce ta yayyaga sitiriyo ta watsa shi lasifika shida. Ana gane shi da murya mai kama da wadda ke fitowa daga cikin randa, da kuge mai rawa-rawa a baya.

A ganina, haɗin da ya cancanci kuɗi shi ne wanda ya ajiye kayan kiɗa na gaske a baya: amshi, ko piyano, ko jita ta biyu. Hannun Elliot Scheiner a Hotel California na Eagles da na Steven Wilson a kundayen King Crimson da Jethro Tull irin wannan ne. Haɗin da bai sa komai a baya ba sai amsa-kuwwar ɗaki ya fi dacewa da wasan da aka ɗauka a gaban jama'a. Ga kundin da aka gina layi-layi a sutudiyo, asarar lasifika biyu ne.

Mataki na biyu: ƙidaya kayan da kake da su

Abu uku ne za ka duba: na'urar kunna faifai, risiba mai rarraba sauti zuwa lasifikoki, da wayar da ke tsakaninsu. Ko ɗaya ya gaza, tsadar faifan ta tashi a banza.

Na'urar Blu-ray kowace iri tana karanta Blu-ray na kiɗa da DVD na bidiyo. SACD da DVD-Audio kuwa sai na'urar da aka ƙera musamman da su, kuma dole ka ga tambarinsu a jikinta ko a littafinta. Na'urorin Oppo, irin su BDP-103 da UDP-203, suna karanta duka, sai dai kamfanin ya daina ƙera su a 2018, don haka sai na hannu, kuma kuɗinsu ya hau. Sony UBP-X800M2 tana karanta SACD da DVD-Audio, amma ba ta da ramukan analog, sai risiba mai HDMI. Ƙanwarta UBP-X700 tana karanta SACD, ba ta karanta DVD-Audio. Panasonic DP-UB820, duk da kyawun hotonta, ba ta karanta ko ɗaya daga cikin biyun. PlayStation 4 da 5 suna kunna Blu-ray da DVD, amma ko CD na kiɗa ba sa karɓa, balle SACD. Samfuran farko na PlayStation 3 ne kaɗai suka zo da SACD, daga baya aka cire.

Waya ita ce inda aka fi yin tuntuɓe. Wayar haske, wadda ake kira optikal, da takwararta kowaksiyal ba sa ɗaukar komai sai sitiriyo, da Dolby Digital da DTS na asali, wato tsare-tsare biyu na matsattsen sautin kewaye. Sautin SACD mai hanya shida ba ya bi ta cikinsu, haka na DVD-Audio, haka Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio. Waɗannan sai HDMI, ko wayoyin analog guda shida idan na'urar da risibar duk suna da ramukansu. HDMI ɗin ma hawa-hawa ne: 1.1 ya kawo DVD-Audio, 1.2 ya kawo sautin SACD, 1.3 ya kawo TrueHD da DTS-HD. Ka haɗa na'urar kai tsaye da risiba, sannan risiba da talabijin. Idan ka fara kai wa talabijin sannan ta maido da sauti ta ramin ARC, ka koma iyakar wayar haske. Ramin eARC ne kaɗai yake maido da cikakken sauti, shi ma ba kowace talabijin take barin DTS ya wuce ba.

Wanda abin da yake da shi shi ne irin saitin nan na falo, mai DVD a ciki da ƙananan lasifikoki biyar da wufa, bai fita daga sahu ba. Nasa shi ne duk faifan DVD mai ɗauke da DTS ko Dolby Digital, kuma suna da yawa.

Mataki na uku: san halin kowane faifai

SACD na Sony da Philips ne, ya fito a 1999. Yana ajiye sauti ta hanyar da ake kira DSD, wato bit ɗaya tak da ake aunawa sau miliyan 2.8224 a sakan guda, ninki 64 na awon CD. Babban alherinsa shi ne ba ya buƙatar talabijin: ka sa, ka danna, ya tashi kamar CD. Ba shi da shingen shiyya, faifan Japan zai yi a na'urar Turai. Yawancinsu masu hawa biyu ne, an rubuta Hybrid a jikinsu, kuma hawa ɗaya CD ne zalla da zai yi a mota.

Tarkonsa guda biyu ne. Na farko, tambarin SACD ba ya nufin sautin kewaye. Faya-fayan The Rolling Stones da ABKCO ya fitar a 2002 SACD ne, amma ba na kewaye ba ne. Haka akasarin na Mobile Fidelity, haka jerin SHM-SACD na Japan, waɗanda yawancinsu hawa ɗaya ne, ko a na'urar CD ba za su yi ba. Na Bob Dylan na 2003 kuwa gauraye ne, wasu suna da 5.1 wasu babu. Sai ka ga an rubuta Multi-ch ko Multichannel ko Surround kusa da tambarin. Na biyu, faifai mai hawa biyu ba ya yi maka gardama idan ka sa shi a na'urar da ba ta SACD ba. Zai yi waƙa lafiya lau, amma hawan CD kake ji, kuma mutum zai iya shekara a haka bai sani ba. Kwamfuta ma hawan CD kaɗai take gani.

DVD-Audio ya shigo kasuwa a 2000. Yana ɗaukar hanya shida har zuwa 96 kHz da bit 24, sitiriyo kuma har 192 kHz. Lissafin hanya shida a wannan mataki ya kai megabit 13.8 a sakan, alhali DVD ba ya iya zubo fiye da 9.6, shi ya sa aka yi amfani da matsin MLP na kamfanin Meridian, wanda yake rage girma ba tare da zubar da ko ɗigo ba. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne faifan ɗaki biyu ne. Akwai ɓangaren AUDIO_TS mai cikakken sauti, wanda sai na'urar DVD-Audio take shiga. Akwai ɓangaren VIDEO_TS mai Dolby Digital ko DTS, wanda kowace na'urar DVD take shiga. Nan ma faifan zai yi waƙa a na'urar da ba tasa ba, har ma ta lasifika shida, sai dai matsattsen sautin kake ji. Ba laifi ba ne idan ka san haka ka saya. Jerin King Crimson da aka fara a 2009, CD haɗe da DVD-Audio, yana da DTS a ɓangaren bidiyo, don haka mai saitin falo zai more shi yau, ranar da ya sami babbar na'ura kuma faifan nan dai zai ba shi cikakken sautin.

Aibin DVD-Audio shi ne jerin zaɓinsa. Da yawa ba sa tashi sai ka kunna talabijin ka zaɓi 5.1 da rimot, kuma kowane kamfani da yadda ya tsara nasa. Na'urorin da ke karanta shi ma kullum raguwa suke yi.

Blu-ray shi ne inda sababbin fitowa suka koma. Faifai ɗaya yana ɗaukar gigabait 25 ko 50, wanda ya isa a zuba haɗi uku ko huɗu na kundi guda. Sautinsa LPCM ne, wato sautin dijital (PCM) da ba a matse ba, ko Dolby TrueHD, ko DTS-HD Master Audio, kuma duk ukun marasa asara ne, kada ka ɓata lokaci wajen fifita ɗaya a kan ɗaya. TrueHD ma jikan MLP ɗin nan ne na DVD-Audio. Blu-ray na akwatin The Dark Side of the Moon na 2011 ya haɗa 5.1 na Guthrie da 4.0 na Parsons wuri ɗaya. Na Abbey Road na The Beatles da ya fito a 2019 yana da sitiriyo, da 5.1, da Atmos. Jerin Quadio na kamfanin Rhino, wanda ya haɗa da akwatin Chicago na 2016, tsofaffin haɗin lasifika huɗu ne aka kwaso daga tef. Wasu faya-fayan, masu tambarin Pure Audio, ana sauya haɗi a cikinsu da maɓallan rimot masu launi, ja da kore da rawaya, ba sai an kunna talabijin ba.

Game da Atmos, a Blu-ray yana zuwa ne a cikin TrueHD, ba tare da asara ba, saɓanin wanda ake saurara ta intanet, wanda matsattse ne. Risibar da ba ta san Atmos ba za ta kunna shi a matsayin 7.1, wato lasifika bakwai da wufa, ko ta naɗe shi zuwa 5.1. Zai yi, amma idan lasifikokinka shida ne kuma faifan yana da haɗin 5.1 na musamman, shi za ka zaɓa, domin an yi shi ne da irin ɗakinka a zuciya.

Saura uku, a taƙaice. DVD na bidiyo mai DTS ko Dolby Digital matsattse ne: Dolby Digital ba ya wuce kilobit 448 a sakan, DTS kuwa yana kaiwa kusan 1,500, don haka duk inda aka ba ka zaɓi, ɗauki DTS. Kada kalmar matsi ta firgita ka. Yawancin kundayen Jethro Tull masu zuwa kamar littafi a wannan tsari suke, da DTS 96/24, kuma daɗinsu ba ya ɓoyuwa. DTS CD na ƙarshen shekarun 1990 kamarsa ɗaya da CD, amma dole a fitar da shi ta wayar dijital zuwa risiba mai fassara DTS. Idan ya bi ta analog, ko aka taɓa ƙarfin sautin a cikin na'urar kafin ya fita, abin da za ka ji shi ne shuuu mai ƙarfi da zai iya ƙona ƙananan lasifikokin da ke fitar da siririn sauti, don haka rage murya kafin ka danna. DualDisc na 2004, mai CD a fuska ɗaya da DVD a ɗaya, ya fi faifai na yau da kullum kauri kaɗan, yakan maƙale ko ya karce a na'urori masu zuƙe faifai ta tsaga. In akwai wani zaɓi, bar shi.

Idan haɗin ɗaya ne a faifai biyu

Nan ne ake yawan musu a kan lambobi, kuma nan ne lambobin suka fi ƙarancin tasiri. Brothers in Arms na Dire Straits, na 1985, an ɗauke shi ne tun asali a na'urar dijital mai bit 16. Haɗin 5.1 da Chuck Ainlay ya yi masa a 2005 ya ci kyautar Grammy, ya kuma fito a SACD da DualDisc. Babu faifan da zai ƙara wa tef ɗin asali abin da bai ɗauka ba. Abin da ya sa kundin yake da daɗi shi ne aikin haɗin. Ƙari a kan haka, risiba da yawa, da zarar ka kunna tsarinsu na daidaita sauti da ɗaki, suna sauko da komai zuwa 48 kHz kafin su yi aiki a kai. Wanda ya biya ninki biyu don 192 kHz sau da yawa ba ya isa kunnensa.

Abin da yake kawo bambancin da ake ji shi ne gyaran ƙarshe da aka yi wa sautin kafin a buga faifan. Wani bugun an danne shi don ya yi ƙara, har ganga ta rasa naushinta, wani an bar shi yana numfashi. Idan kana da damar jin biyun, daidaita ƙarfinsu tukuna, domin kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba.

In duk sun yi kunnen doki, ga yadda zan jera su. Blu-ray a gaba, saboda na'urarsa tana da sauƙin samu kuma yakan zo da haɗi fiye da ɗaya. SACD na biye, musamman ga mai son saurare ba tare da allo ba, ko mai neman tsofaffin haɗin lasifika huɗu da kamfanin Dutton Vocalion na Ingila yake fitarwa. DVD-Audio sai idan a nan kaɗai haɗin yake, ko ka same shi da araha. Mai farawa daga tushe, na'ura ɗaya mai karanta duka ukun ta fi masa sayen biyu daga baya.

Mataki na huɗu: kafin ka biya

Bugun ƙasa da ƙasa yakan bambanta ko da hoton kwalin iri ɗaya ne. Akwatunan Genesis na 2007 da 2008, masu haɗin Nick Davis, a Turai SACD ne da DVD, a Amurka kuwa CD ne da DVD. Wanda ya sayi na Amurka yana neman SACD ya yi cinikin biri a sama. Nemi hoton bayan kwali da na fuskar faifan kansa, ka kuma kwatanta lambar kundin. A manyan akwatuna, tabbatar faifan kewayen yana ciki, domin wasu masu sayarwa sukan zare shi su sayar daban. Wasu akwatunan ma ba su zo da shi ba tun asali: na Revolver na The Beatles da ya fito a 2022 babu Blu-ray a cikinsa.

Sai shiyya. A tsarin DVD, Amurka shiyya ta 1 ce, Turai da Japan ta 2, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan kuwa ta 5. A tsarin Blu-ray, Afirka tana rukunin B tare da Turai, Amurka da Japan suna A. Mafi yawan faya-fayan kiɗa ba a kulle su ba, amma duba alamar 0 ko ALL ko ABC. Na'urar da aka ƙera don Amurka kuma tana iya ƙin faifan DVD na PAL, wato tsarin hoton talabijin na Turai.

Idan na'urar hannu za ka saya daga waje, karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wutarta. Ta Amurka 120V ce, ta Japan 100V, wutarmu kuwa 220 zuwa 230 ce. In ba ka ga 100-240V ba, sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, in ba haka ba sawa ɗaya za ta ƙone. Gwada ta da faifan SACD mai hawa biyu, domin hasken da ke karanta hawan SACD daban yake da mai karanta hawan CD, kuma alamar farko ta gajiyar idon na'ura ita ce ta riƙa ganin CD kaɗai, ko ta daɗe tana juyi ta ce babu faifai. Ƙurar hunturu tana gaggauta wannan, a riƙa rufe na'ura da ƙyalle in ba a amfani da ita. Faifan CD ko DVD da fuskarsa ta ƙasa take da launin shuɗi ko shunayya kuwa, an ƙona shi ne a kwamfuta, ba bugun kamfani ba ne.

Mataki na biyar: saiti, da abin da yakan lalace

Shiga saitin na'urar ka gyara abu huɗu. Wurin SACD, zaɓi Multi-channel, domin da yawa suna zuwa a kan sitiriyo. Wurin DVD-Audio, tabbatar an zaɓi DVD-Audio ɗin, ba DVD-Video ba. Fitar sautin HDMI, sa shi a Bitstream, ka kashe abin da ake kira Secondary Audio ko BD Audio Mix, domin in yana kunne na'urar takan sauko da TrueHD zuwa Dolby Digital, Atmos kuma ya ɓace gaba ɗaya. Sannan kashe DRC, mai danne bambancin ƙara da sanyi, a na'urar da risibar duka. Ka bar hoton HDMI a 720p ko sama, domin sauti a cikin siginar hoto yake tafiya, in hoton ya yi ƙasa sai a rage sautin.

Allon risiba shi ne shaidarka. In ya nuna Multi Ch In, ko DSD, ko TrueHD, ko DTS-HD MA, ka isa. In ya nuna PCM 2.0 tare da Pro Logic, ko Dolby Surround, ko Neural:X, sitiriyo ne risibar take yaɗawa da kanta, ba haɗin da ka saya ba.

Ga SACD akwai zaɓi tsakanin tura DSD kai tsaye da mai da shi PCM a 88.2 ko 176.4 kHz. DSD kai tsaye yana da daɗin faɗi, amma a yanayin Direct risiba ba ta iya karkatar da amon ƙasa zuwa wufa, ba ta kuma gyara tazarar lasifikoki. In lasifikokinka biyar ba manya ba ne, ko ba su yi daidai da kujerarka a nisa ba, PCM zai fi maka. Idan kuma ka ji amon ƙasa na SACD ya yi laushi fiye da na Blu-ray, duba matakin LFE, wato hanyar wufa. A tsarin silima ana ɗaga wannan hanya da desibel 10, SACD kuwa bai zo da wannan ƙa'ida a dunƙule ba, shi ya sa wasu na'urori suke ɗagawa wasu ba sa yi.

Haɗin lasifika huɗu yana da nasa hali. Lasifikar tsakiya za ta yi shiru, kuma daidai ke nan, kada ka kunna wani abu don cike ta. Ba shi da hanyar wufa, don haka in ka sa lasifikoki a Large, wufa ba za ta yi motsi ba. Sa su a Small, mararrabar amo a 80 Hz, risiba za ta kwashe abin da ke ƙasa da haka ta kai wa wufa. Ƙananan lasifikoki irin na saitin falo sai an ɗaga zuwa 120 ko 150 Hz, in ba haka ba gangar da aka ajiye a baya za ta yi ƙara kamar ana dukan gwangwani.

Wurin ajiye lasifikoki kuwa, ƙa'idar da injiniyoyi suke haɗa 5.1 a kanta ita ce: ta tsakiya a gabanka sak, hagu da dama a digiri 30 kowace, na baya a digiri 100 zuwa 120, wato gefe da ɗan baya, kusa da tsayin kunnenka kana zaune. Na bayan da aka rataye can kusa da silin don fim sai an sauko da su, domin a kiɗa murya da jita ne suke fitowa daga nan. Auna nisan kowace da tef ka shigar a risiba, sannan ka kunna sautin gwaji ka daidaita su duka a kan desibel 75 da ma'aunin ƙara, ko da na wayar hannu ne. In lasifikokinka bakwai ne, faifan 5.1 zai fita ta na gefe, na can baya su yi shiru, kuma haka ya kamata ka bar su.